Zubin Farko: Me Masu Farautar Tsofaffin Na'urori Ke Saye?

A watan Maris na shekarar 2020, wani gidan gwanjo mai suna Heritage da ke birnin Dallas a ƙasar Amurka ya sayar da wata tsohuwar na'urar wasan bidiyo a kan dala 360,000, wato sama da naira miliyan 100 a canjin wancan lokaci. Jikinta na roba ne, farinta ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa saboda tsufa, kuma babu wani kanti a duniya da ya taɓa ajiye irinta a kan kanta domin sayarwa. A jikinta an rubuta sunan kamfanin Sony, amma ramin da ake zura kaset ɗin wasa na kamfanin Nintendo ne. Shekara goma sha ɗaya kafin nan, wani ma'aikaci ya same ta cikin tarkacen da ya saya a kan dala 75 kacal, lokacin da ake gwanjon kayan kamfanin da yake wa aiki bayan ya durƙushe.

Na san mai karatu zai iya cewa wannan ai wasan masu abu da abinsu ne, waɗanda kuɗi ya yi wa yawa har suka rasa inda za su kai shi. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zargi, domin kuwa cikin masu wannan harka akwai waɗanda ba abin da ya dame su sai alfahari da kuma ribar da za su ci gobe. To amma ni da na shafe shekaru ina nazarin harshe, ina kuma jujjuya tsofaffin takardu, ina ganin akwai abin lura a nan wanda ya wuce batun farashi. Abin da waɗannan mutane ke farauta shaida ce, kuma yadda al'umma ke riƙon shaidarta lamari ne da ya shafi kowa.

Bari mu fara da suna, tunda shi ne sana'ata. Kalmar da Turawa ke kiran irin waɗannan na'urori da ita ta samo asali ne daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya na nufin na farko, ɗaya kuma na nufin hatimi ko siffar da aka buga. Mu kan ce samfur, wadda ita ma aro ce daga Ingilishi, amma samfur ya fi dacewa da abin da aka gama aka ɗebo kaɗan domin a nuna wa mai saye. Ni na fi son in ce zubin farko, irin yadda maƙerin fari ke zuba narkakken ƙarfe a karon farko domin ya ga inda siffa ta karkace kafin ya zuba na kasuwa. Zubin farko shi ne zakaran gwajin dafi: injiniyoyi na haɗa shi da hannu, su gwada, su kwance, su sake ɗaurawa. Sau da yawa za ka gan shi da wayoyi a waje, da rubutun alƙalami a jikinsa, da ramukan da ba za ka same su a na kasuwa ba.

Waccan na'ura ta dala 360,000 misali ce mai kyau. A ƙarshen shekarun 1980 Nintendo da Sony, dukkansu na ƙasar Japan, sun ƙulla yarjejeniya domin ƙera na'urar wasa mai amfani da faifan CD. A watan Yuni na 1991, a wajen wani babban baje-kolin kayan lantarki a birnin Shikago, Sony ya sanar da duniya wannan haɗin gwiwa. Washegari Nintendo ya fito ya ce shi da kamfanin Philips na ƙasar Holan zai yi tafiya, saboda ya lura yarjejeniyar ta bai wa Sony iko mai yawa a kan kuɗin da za a samu daga wasannin da ke kan faifai. Wannan cin fuska ne ya harzuƙa shugabannin Sony, wani injiniyansu mai suna Ken Kutaragi ya dage sai sun yi tasu, kuma a watan Disamba na 1994 suka fitar da PlayStation, wadda aka sayar da sama da guda miliyan 100. Ana ƙiyasta cewa an ƙera kimanin guda 200 na waccan na'urar haɗin gwiwa, aka kuma lalata kusan dukkansu. Wadda ta tsira ɗin nan, ashe, ita ce takardar auren da aka ɗaura aka kuma warware kafin amarya ta tare.

Duk wanda ya taɓa nazarin rubutun hannu ya san bambancin da ke tsakanin littafin da aka buga da daftarin da marubuci ya bari. Bugaggen littafi yana nuna maka inda marubuci ya sauka. Daftari kuwa, da gogensa da ƙarin da aka yi a gefen shafi, yana nuna maka hanyar da ya biyo, da mararrabar da ya tsaya yana waswasi, da kalmar da ya so ya sa ya fasa. Haka na'ura take. Wadda ke hannunka a yau tana sa ka ɗauka cewa dama can haka ya wajaba ta kasance, alhali kuwa sakamako ce ta gardama da kuskure da ƙarancin kuɗi da kuma taurin kan wani mutum guda.

Ɗauki kwamfutar Macintosh da kamfanin Apple ya fitar a watan Janairu na 1984. Zubinta na farko yana ɗauke da wata ma'ajiyar faifai mai faɗin inci biyar da kwata da kamfanin ya ƙera da kansa, wadda ake wa laƙabi da Twiggy. Wannan ma'ajiya ta cika ba da matsala, amma Steve Jobs ya ƙi amincewa a saya daga Sony, wanda ke da ƙaramin faifai mai inci uku da rabi. Sai injiniyoyinsa suka ci gaba da aiki da Sony a ɓoye. Ɗaya daga cikinsu, Andy Hertzfeld, ya ba da labarin ranar da Jobs ya shigo ofis ba zato, suka yi maza suka tura baƙon injiniyan da Sony ya aiko cikin ɗakin ajiye tsintsiya har ya fita. Daga ƙarshe dabararsu ce ta ceci aikin, kuma ƙaramin faifan nan shi ne ya zama ruwan dare a duniya, wanda da yawa daga cikinmu muka ajiye kundayen digirinmu a kai. Ƙalilan ne suka rage daga waɗancan Macintosh masu faɗin baki, kuma an sayar da ɗaya a kan kimanin dala 150,000 a watan Disamba na 2019. Faɗin bakin nan shi ne shaidar cewa labarin Hertzfeld yana da tushe.

Wani zubin farkon ma ko ƙarfe babu a jikinsa sosai. Abin nan da muke kira linzamin kwamfuta ya fara ne a matsayin ɗan akwatin katako mai ƙafafun gare-gare biyu a ƙasa da maɓalli ɗaya a sama, wanda Bill English ya haɗa a 1964 bisa tunanin Douglas Engelbart a wata cibiyar bincike da ke Kalifoniya. A takardar mallakar fasaha an ba shi dogon suna na ilimi, amma ma'aikatan ɗakin binciken suka riƙa kiransa ɓera, saboda wayar da ta fito ta bayansa kamar wutsiya. Sunan wasa ya kori sunan yanka. Yaron da ya tashi yau ya tarar da linzami marar waya ba zai taɓa gane dalilin wannan suna ba sai ya ga akwatin katakon. Haka kuma Jeff Hawkins, kafin ya fitar da 'yar ƙaramar kwamfutar aljihu ta PalmPilot a 1996, guntun katako ya sassaƙa ya riƙa yawo da shi a aljihun riga, yana ciro shi yana yi kamar yana rubutu, domin ya tabbatar girman ya dace da rayuwar mutum. Wannan katako yana cikin kayan Gidan Tarihin Kwamfuta da ke Mountain View.

To me ya sa irin waɗannan kaya suke da wuyar samu? Dalili na farko shi ne su kansu kamfanonin ba sa son su rayu. Zubin farko yana ɗauke da sirrin sana'a, yana kuma tona asirin gazawa, don haka al'ada ita ce a niƙe shi da zarar an gama da shi. Ko kayan da aka gama ma ba su tsira ba idan suka yi kwantai: a 1989 Apple ya binne kwamfutocin Lisa kimanin 2,700 a wani juji da ke garin Logan a jihar Utah. Gwamnatoci ma haka suke. Na'urar Colossus da Birtaniya ta yi amfani da ita a Bletchley Park wajen warware saƙonnin sirri na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, guda goma aka ƙera, aka wargaza akasarinsu bayan yaƙi, wanda ya tsara ta, Tommy Flowers, ya ƙone zane-zanensa bisa umarni. Sai a tsakiyar shekarun 1970 aka fara jin labarinta, bayan littattafan tarihin kwamfuta sun riga sun raba yabo ba tare da ita ba. Wanda ya hallaka shaida, ya sauya tarihi ko da bai yi ƙarya ba.

Saboda haka, kusan duk wani zubin farko da ya tsira, ta ɓarauniyar hanya ya tsira. Ko dai injiniya ya kai shi gida ya manta da shi a rufin ɗaki, ko kuma kamfani ya karye aka yi gwanjon kayansa. Da kamfanin Commodore ya durƙushe a 1994, a cikin kayan da aka karkasa aka sami wata kwamfuta mai suna Commodore 65 wadda aka yi aiki a kanta aka fasa fitarwa, kuma daga nan ta shiga hannun jama'a. Wannan ne ya sa harkar ke tafiya a bakin iyakar doka. A 2010 wani ma'aikacin Apple ya manta da zubin gwaji na wayar iPhone 4 a wata mashaya, wata kafar labaran fasaha mai suna Gizmodo ta saye shi a kan dala 5,000 ta baje shi ga duniya, 'yan sanda kuma suka kai samame gidan editan. Abin da yake kayan sata a bana, bayan shekara talatin shi ake sawa cikin gilashi ana kiransa kayan tarihi.

Daga nan sai batun inganci, wanda a ganina shi ne zuciyar wannan sana'a. Allon lantarki dai allon lantarki ne. Ana iya ƙera sabo a tsofar da shi, kuma an sha yin haka. Abin da ke ba shi daraja shi ne salsalarsa: wa ya ƙera shi, wa ya karɓa daga wa, ina takarda, ina hoto. Duk ɗalibin ilimin hadisi zai gane wannan tsari nan take, domin isnadi ne ake bi, ana duba masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar farko ta Apple, wadda Steve Wozniak ya tsara aka sayar a 1976 a kan dala 666.66, guda 200 ko kusa da haka aka yi. A watan Agusta na 2022 aka yi gwanjon wani allo da aka ce zubinta na farko ne, fasasshe, wani ɓangarensa ma ya ɓace, aka saye shi a kan kimanin dala 677,000. Hujjar da aka kafa ita ce hotunan da Paul Terrell, mai kantin Byte Shop wanda ya fara sayen guda 50 daga hannun Jobs, ya ɗauka a 1976; aka gwada alamomin da ke jikin allon da na cikin hoton. Duk da haka sai da wasu masana suka yi jayayya a kan wasu daga cikin iƙirarin masu gwanjon. Wannan jayayya alheri ce, domin ita ce ke raba ilimi da tallar 'yan kasuwa.

Sai dai mallakar na'ura daban, iya karanta ta daban. A nan ne harkar ta fi kusa da fagen da na sani. Manhaja tamkar harshe ce, na'urar da ke sarrafa ta kuma ita ce mai magana da harshen. Ranar da mai magana na ƙarshe ya mutu, abin da aka rubuta ya zama zane kawai. A 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya tattara bayanai da hotuna na rayuwar Birtaniya, da taimakon mutane kimanin miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan makaranta, domin cikar shekara 900 na wani kundin ƙidayar ƙasa da aka rubuta a 1086. Aka zuba aikin a kan manyan faya-fayai biyu masu aiki da hasken leza. Kafin shekara ashirin ta cika, na'urorin da ke iya karanta su sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka tashi tsaye wajen ceto aikin. Shi kuwa kundin 1086, da aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar, duk wanda ya iya Latin zai karanta shi.

Kayan lantarki suna ruɓewa ko da ba a taɓa su ba. Batirin da ke ciki yana yoyo ya cinye allo, ƙananan ma'adanan wuta suna kumbura su fashe, roba tana ƙeƙashewa, bayanan da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura suna dushewa sannu a hankali. Shi ya sa masu wannan harka suka rabu biyu. Wasu na ganin kada a taɓa komai, domin duk abin da ka canja ka rage asali. Wasu kuma na ganin na'urar da ba ta aiki gawa ce, gara a gyara ta, a kwafe abin da ke cikinta tun bai ɓace ba. Ni ina tare da na biyun, da sharaɗin a rubuta duk abin da aka canja, a kuma ajiye abin da aka cire. Waccan na'urar Nintendo da Sony ma sai da wani gwanin gyara, Ben Heckendorn, ya farfaɗo da ɓangaren faifanta a bainar jama'a kafin a sayar da ita, kuma abin da aka koya daga wannan gyara ya zama na kowa, ko da na'urar ta shige gidan mutum ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga babbar tambaya: a hannun wa ya kamata shaida ta zauna? Dole a yi wa masu tarawa adalci. Su ne suka tsinci waɗannan kaya lokacin da jami'o'i da gidajen tarihi ke musu kallon shara, kuma tsadar da suka jawo ita ce ta sa mutane suka fara duba rufin ɗaki kafin su zubar. A 2015 kafofin labarai sun ruwaito yadda wata mata ta kai akwatunan tarkacen mijinta da ya rasu wata cibiyar sarrafa shara a Kalifoniya, ashe akwai Apple ta farko a ciki, wadda aka sayar a kan dala 200,000, cibiyar ta shiga cigiyar matar domin ta ba ta rabin kuɗin. Amma tsadar nan takobi ce mai kaifi biyu. Gidan tarihi na Henry Ford ya iya biyan dala 905,000 a 2014 ya sayi irin wannan kwamfuta domin jama'a su gani. Gidajen tarihi nawa ne ke da wannan ƙarfi? Sannan abin da ke hannun mutum ɗaya, rayuwarsa a ɗaure take da ta mai shi. Paul Allen, wanda suka kafa Microsoft tare da Bill Gates, ya buɗe wani gidan tarihi a birnin Seattle inda baƙo ke iya zama ya yi aiki da tsofaffin kwamfutoci da hannunsa. Ya rasu a 2018, aka rufe gidan a 2020 lokacin annobar korona, a 2024 aka sanar ba za a sake buɗewa ba, aka kuma yi gwanjon muhimman kayansa. Abin da aka tara cikin shekaru ya watse cikin 'yan kwanaki.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance na Turawa ne kaɗai. A watan Nuwamba na 2005, a birnin Tunis, Nicholas Negroponte da Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, sun nuna wa duniya zubin farko na kwamfutar nan da aka yi wa laƙabi da ta dala ɗari, koriya mai mariƙin da ake juyawa domin samar da wuta. Mariƙin ya cire a wajen nunin, kuma ba a sa shi a wadda aka fitar daga baya ba. A 2007 aka raba na'urorin gwaji na wannan shiri ga 'yan makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, tun kafin a fara ƙera su da yawa. Ke nan 'ya'yanmu sun riƙe zubin farko na ɗaya daga cikin shirye-shiryen fasahar ilimi da aka fi yin muhawara a kansu a wannan ƙarni.

Harshenmu ma yana da nasa zubin farkon. Kafin tsarin Unicode ya wadatu, haruffan nan masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, sun sha wahalar shiga na'ura. Akwai keken rubutu da aka sauya wa haƙora domin su, akwai ƙwayoyin haruffan dalma na maɗaba'u tun zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, akwai kuma nau'o'in rubutun kwamfuta irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Na sha karɓar tsofaffin kundaye daga abokan aiki waɗanda aka buga da irin waɗannan nau'o'i, in buɗe su a sabuwar kwamfuta in tarar duk inda ƙugiya take ya koma baka ko wata alama marar ma'ana. Wanda ya adana tsohuwar na'urar da faifan da ke ɗauke da nau'in rubutun, shi ke riƙe da mabuɗin. Amma a wurinmu ƙarshen irin waɗannan kaya sananne ne: a tara su a sito, rufi ya yi yoyo a kansu, wata rana a kira 'yan jari-bola su auna a kilo.

Ba ina kira ga kowa ya shiga gasar gwanjo da attajiran Amurka ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kowane sashe na jami'a, da gidan rediyo, da maɗaba'a, kafin ya zubar da tsofaffin na'urori, ya ware guda ɗaya daga kowane iri, ya cire batirinta, ya rubuta shekarar da aka saye ta da aikin da ta yi da sunan wanda ya yi aiki da ita, ya kwafe abin da ke cikin faya-fayanta. Matasanmu da ke ƙera injina da manhajoji a kwalejojin fasaha su ma su daina wargaza gwajinsu na farko domin neman kayan gyara. Su ɗauki hotonsa, su sa kwanan wata. Ƙarfe ba tare da bayani ba tarkace ne, amma da 'yar takarda ɗaya a jikinsa ya zama hujja. Kakanninmu da suka kwafi littattafai da hannu, suka rubuta sunansu da na malaminsu a shafin ƙarshe, sun san wannan tun kafin a ƙirƙiri lantarki. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka gada, da wanda za mu bari.